Namijin Ɓaure

Mijin autarta ne ya kashe itacen. Shi ne, ba iska ba, ba gara ba, ba tsufa ba. Shi ya je ya ɗauko mai injin yankan itace, shi ya nuna da yatsa ya ce a fara daga nan, shi ya tuttula baƙin mai a kan kututturen ya ƙyasta ashana. Duk wanda ya gaya muku wani abu daban, to ko dai ya ci abincin da aka dafa wa masu aiki ran nan, ko kuwa nauyin mai takarda yake ji.

Mai Ɓaure ake ce wa tsohuwar tun gashinta yana baƙi. Gidanta ne na ƙarshe a layin, daidai inda kwalta ta ƙare, kuma a bayansa akwai fili mai tsawon taku arba'in wanda marigayi mijinta ya kewaye da bulo. Itatuwan ɓaure bakwai ne a ciki. Ba ɓauren daji ba, irin na lambu ne, wanda in ya nuna fatarsa ke tsagewa, zuma na ɗiga ta ƙasansa. Shida suna jere jikin katanga, su ne matan. Na bakwai yana can shi kaɗai a bakin kwata, karkatacce, mai kaushin jiki. Shi ne namijin.

Namijin nan ba abin da za ka gani a jikinsa ka yaba. 'Ya'yansa a bushe suke ciki kamar tsohuwar auduga, ko akuya ta ɗauka sai ta tofar. In ka fasa ɗaya, ƙwari ne fal, baƙaƙe masu fiffike, ba su kai tururuwa ba. Amma duk lambun a kansa yake tsaye. Kowace shekara, in 'ya'yan matan suka kai girman kan babban yatsa, Mai Ɓaure kan fita da sanyin safiya ta tsinko na namijin, ta zura su biyar-biyar a zare da basilla, ta rataya wa kowace mace sarƙa uku ko huɗu. Rana na ɗagawa ƙwarin su fito, su bi ta ɗan idon da ke ƙasan kowane ɗan ɓaure su shige. Wanda suka shiga, ya zauna ya nuna. Wanda ba su shiga ba, ya yi rawaya ya faɗo. 'Yan aike take ce musu. Ba a littafi ta gani ba, don ita ko bihim ba ta sani ba. Mijinta ne ya nuna mata, shi ma wani tsoho ya nuna masa a garin da ya samo irin.

Shekara talatin da ɗoriya layin nan yana cin albarkacin itatuwan. Ɗanye a ci, sauran ta tsaga ta shanya a kan rufin kwano, ta zura a igiya ta rataye a ɗaki. Tsohon da cikinsa ya ɗaure kwana huɗu, a jiƙa masa busasshe guda uku ya sha ruwan ya cinye. Mai jego ma haka. Mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a tafasa masa da madara. Farin ruwan da ke fita in an karya ganye, shi take ɗiga wa ɗan tsiron nan mai tauri da kan fito wa mutum a yatsa, kullum ɗigo ɗaya har ya bushe ya faɗi. Da shi take daskarar da madara in tana sauri. Ganyen kuwa, da kaushinsa take goge gindin tukunya. Ba ta taɓa ce wa kowa ita likita ce ba. In ciwo ya fi ƙarfin ɓaure, ita ce ta farkon cewa a tafi asibiti.

Asibitin ne ma ya raba ta da gida. Yana ce ta rufe mata ido biyu, aka ce sai an yi aiki, kuma sai ta yi kwana tara a wurin babbar 'yarta da ke kusa da asibitin. Ta ƙirga a yatsa, ta ga za ta dawo daidai lokacin rataya, saura kwana biyu. Ta ajiye basilla da zare a kan taga, ta tafi.

Shi kuwa mijin Auta, da ma a gidan suke zaune, a ɗakuna biyu na gaba. Sito yake tsaro a da, siton ya rufe. Sai ya je ofishin gona ya yi kwas na sati uku, ya dawo da takardar shaida ya sa a gilashi, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa wanda yake sawa ko kanti za shi. Tun daga nan layi ya raɗa masa Ɗan Kwas. Ba mugun mutum ba ne, kada a ce an yi masa ƙazafi. Yana gaishe ta a durƙushe, yana ɗauko mata ruwa. Amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Kwana biyu da tafiyarta ya shiga lambun da takardunsa, ya fasa ɗan namijin, ya ga ƙwari, ya duba takarda, ya ce an rubuta duk itacen da ƙwari suka cinye a sare shi a ƙone kafin ya shafa wa sauran. Ya ce zai yi wa Inna kwalliyar lambu kafin ta dawo da sabon ido. Auta ta dafa wa masu aiki abinci. Da aka gama ƙonewa ya goya tankin feshi ya bi matan shida ɗaya bayan ɗaya, ya wanke su tas.

Garin neman gira, aka rasa ido.

Ta dawo da bandeji a fuska, likita ya ce kada ta cire sai bayan kwana biyar, kada ta sunkuya, kada ta shiga rana. Aka kwantar da ita a ɗakinta na baya, wanda reshen babbar macen ya rufe rabin kwanonsa. Washegari da safe ta ce wa Auta ta miƙo mata basilla.

“Inna, likita ya ce ki huta.”

“Hannuna aka yi wa aiki? Je ki tsinko mini na namijin, masu taushi, ni zan zura ke ki rataya.”

“To, bari in sauke tukunya.”

Tukunyar nan ba ta sauka ba har azahar. Washegari aka ce kwando ya ɓata. Rana ta uku aka ce ai an rataya, mijin Auta ya yi da kansa. Ta ce madalla, Allah ya yi masa albarka. Ta sa wa wanda ya kashe mata itace albarka, da bakinta.

Ranar da aka cire bandejin, duniya ta dawo mata da haske har tana jin zafinsa. Ta ga tsagar da ke bangon ɗakinta wadda ta manta da ita. Ta ga furfura a kan autarta. Ta dafa bango ta fita baya. Lambun a share yake ƙal, an yi wa gindin kowace mace farin fenti kamar itacen bakin ofis. Babu sarƙa ko ɗaya a reshe. A bakin kwata kuwa, sai sarari, da wani baƙin abu mai kama da turmin da gobara ta ci.

Ba ta yi ihu ba. Mutane sun so a ce ta yi, da sun san abin da za su ce mata. Ta je ta tsaya a kan kututturen, ta sa yatsa ta dangwali baƙin man, ta shinshina, ta goge a zane. Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado. Aka kawo abinci ta ci, aka ɗauke kwano. Aka tambaye ta ko gishiri ya ji ta ce ya ji. Da an ba ta ƙasa ma a ranar da ta ce ya ji.

Bayan sati biyu suka fara zuba. Da rana tsaka, tana zaune, sai ta ji ƙwas a kan kwano, abu ya gangara ya faɗa ƙasa. Can kuma ƙwas. Ba iska, ba tsuntsu. Ta zauna tana ji, ba ta ƙirga ba, ba ta tashi ba. Da yamma ta fita ta tsince su a zane, ƙanana, rawaya, a yamutse kamar kan yatsan da ya daɗe a ruwa. Ta zuba a kwando ta ajiye bayan ƙofa. Ba su da amfanin komai. Ta dai tsince ne don hannunta ya saba da tsinta.

Ƙaninta ya zo duba ido. Direban babbar mota ne a da, yanzu gwiwa ta ajiye shi, sai baki da ya rage masa.

“Yaya, an ce yanzu kina hango kuɗin da ke aljihun mutum. Bari in zauna nesa.”

“Zauna inda ka ga dama.”

“Kai, wannan amsa ba mai. Ina gaisuwar? Ko likitan ya haɗa da harshen ya kankare?”

Ta nuna masa kwandon da haɓa. Ya leƙa, ya ɗauki ɗaya ya matse, ya fita baya yana ɗingishi. Ya daɗe. Da ya dawo bai zauna a kujera ba, a ƙasa ya zauna.

“Wane ɗan banzan ne?”

“Tambayi 'yarka.”

Auta tana bakin ƙofa da tire, ta ce, “Kawu, wallahi alheri ya nufa.”

“Alheri! Ke kin san yadda aka kawo ƙwarin nan garin nan? Reshen namijin ba wuya, a jiƙaƙƙen buhu babanki ya naɗo shi, a bayan kujerata. Shekara uku yana ba shi ruwa kafin ya yi 'ya'ya, 'ya'yan kuma fayau, ba kowa a ciki. Sai da muka koma ɗauko masu ƙwarin, tafiyar kwana biyu. Zuwan farko zafin inji ya dafa su. Na biyu muka tsaya gyaran taya suka fito suka watse a daji. Na uku babanki ya sa su a gwangwani ya naɗe da rigarsa, yana yayyafa ruwa, ya zauna ba riga tun daga can har nan. A kowane shinge sai an tambaye ni ko mahaukaci na ɗauko. Na ce a'a, mijin yayata ne, amma kusan duk ɗaya ne.”

Ya yi dariya shi kaɗai, dariyar ta mutu a hanya. Mai Ɓaure tana kallon bango.

Da Ɗan Kwas ya shigo gaishe da Kawu, ya durƙusa kamar kullum, takalmin roba na ƙara.

“Malam,” in ji Direba, “an ce kai ne sabon likitan itace.”

“A'a Kawu, ɗan abin da aka koya mana ne.”

“To ga marasa lafiyarka nan a kwando.”

Ɗan Kwas ya duba, ya gyara murya. Ya ce ai wannan a fili yake, itatuwan sun tsufa, shekara talatin ba wasa ba, ƙasar ma ta gaji. Ya ce batun namiji da mace a itace, da rataya sarƙa, abin mutanen da ne, ba ya son ya ce camfi a gaban Inna, amma dai a kwas ba a faɗa ba. Ƙwaro ƙwaro ne. Da ya bar wancan, da yanzu cutar ta gama da sauran.

“Ga shi kuwa da ka sare ba ta gama da su ba,” in ji Direba.

“Tsufa ne, Kawu.”

Mai Ɓaure ba ta dube shi ba. Tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa kama sunansa ba, suruki ne. Ta ce da bango, “Bara tsufan yana ina, da na cika igiya goma sha ɗaya?”

Auta ta ce shayi zai huce.

Daga nan maganar ta juya, aka bar jaki ana dukan taiki. Ba a ƙara cewa wa ya sare namijin ba, sai me za a yi da matan. Filin gado ne, 'ya'ya mata uku suna da rabo a ciki, kuma Ɗan Kwas ya zana ɗakin kaji a takarda, mai ɗaukar kaza ɗari biyar, daga katanga zuwa kwata. Ya bi yayyen matarsa ɗaya bayan ɗaya a waya. Itacen da ba ya haihuwa, in ji shi, inuwa ce kawai da sauro. Babbar ta ce in dai sun daina yi, to. Ta tsakiya ta ce duk abin da aka yanke. Auta ta zo ta zauna a bakin gadon uwarta tana murza gefen mayafi.

“Inna, kin ga ba ya aiki tun da sito ya rufe. Kajin nan su ne rufin asirinmu. In da itatuwan suna yi, wallahi ba mai taɓa su.”

“Yaushe?”

“Asabar mai inji zai zo.”

“To.”

“Inna, ki ce wani abu mana.”

“Na ce to.”

Abin da ke nan, ita ta san matan nan lafiyarsu ƙalau. In an samo wani reshen namiji, shekara uku ya yi 'ya'ya, a ta huɗu a kawo 'yan aike, za su ci gaba kamar ba a yi komai ba. Amma wa zai bar itace shida su tsaya shekara huɗu ba ɗa ko ɗaya, in an riga an yarda tsufa ne ya kashe su? Sai in an yarda ba tsufa ba ne. Sai in wani ya buɗe baki ya ce ni ne.

Ran Alhamis ta ɗaura zane, ta sa baƙin tabaran da asibiti suka ba ta, ta ƙulle 'ya'yan da suka zubo a ɗankwali, ta hau mota zuwa ofishin gona. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba fushi ne ya kai ta ba, ita a lokacin ba ta jin komai, ƙafafunta ne suka tafi ta bi su.

Ofishin dogon gini ne mai baranda, da benci ɗaya, da hotunan masara a bango waɗanda rana ta cinye. Masinja ya tambaye ta takardar da ta kawo. Ta ce ba ta da takarda, ɓaure ta kawo. Ya ce ba a sayen kaya a nan. Ta ce ba na sayarwa ba ne, gawa ce. Ya dube ta, ya dubi tabaran, ya ce ta zauna. Ta zauna tun hantsi har aka yi azahar aka dawo. Mutane suna shiga da fayil suna fita da fayil. Wata ƙadangaruwa ta zo ta tsaya kusa da ƙafarta, ta gaji ta tafi.

Daga ƙarshe aka shigar da ita wurin malamar da ke koyar da kwas ɗin, mace mai matsakaicin shekaru, da biro a soke a ɗankwali, tana cin gyaɗa daga aljihun tebur.

“Mama, me ke tafe da ke?”

Ta kwance ƙullin a kan tebur, a kan takardun. Malamar ta ja fayil gefe da sauri. Mai Ɓaure ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ƙari, kamar mai ba da labarin gidan wasu. Da ta zo kan sarƙa da 'yan aike, malamar ta daina tauna. Ta ɗauki reza ta tsaga ɗaya, ta kai taga ta duba. Ta tsaga wani. Ta jawo kujera ta hau, ta sauko da wani littafi mai kauri daga saman kabad, ta hure ƙura, ta yi ta buɗawa tana lasar yatsa. Sai ta juyo da shi. Ga hoto nan, reshen ɓaure, da 'ya'ya biyar a zure a zare suna lilo.

Mai Ɓaure ta cire tabarau ta duba da sabon idonta. Har ƙullin zaren irin nata ne.

“Mama, a garin nan kike da wannan? Da ƙwarin, da ransu?”

“A da.”

“Shekara nawa?”

“Talatin da ɗaya.”

Malamar ta zauna a hankali. “Ni a littafi kawai na taɓa gani. Irin da muke rabawa ba ya bukatar namiji, shi kaɗai yake yi. Ban san akwai mai irin naki ba ko a faɗin yankin nan. Da na sani da ɗalibai zan kawo miki.”

“Ɗalibinki ya zo ai.”

Fanka tana juyawa a sama ba ta kawo iska.

“Takardar da kika ba shi ce ta ce a sare a ƙone.”

“Wannan darasin a kan lemo ne da mangwaro, Mama. Sati uku ne kwas ɗin, ba a kai ga ɓaure ba.”

“An rubuta a jiki cewa ban da ɓaure?”

“Ba a rubuta ba.”

“To ki rubuta yanzu. Ki rubuta matan nan ba tsufa suka yi ba, ki buga hatimi, in kai gida. Jibi za a sare su.”

Malamar ta ce hatimi yana wurin oga, oga kuma ya tafi taro sai sati na sama. Ta ce ofis ba ya shiga maganar gado. Ta ce in takarda ta fita da sunan ofis cewa darasinsu ya jawo ɓarna, ita za a tambaya, kuma ita ma 'ya'ya gare ta. Duk ta faɗa tana kallon 'ya'yan ɓauren da ke kan teburinta. Mai Ɓaure ba ta roƙe ta ba, ba ta kuma tashi ba. Ta zauna kawai, hannu a cinya, kamar yadda ta zauna a benci. Da malamar ta ga zaman ba mai ƙarewa ba ne, ta yage gefen wata takarda, ta zare biro daga ɗankwali ta yi rubutu layi huɗu, ta ninke ta miƙa mata.

“Ba hatimi, ba sunan ofis. Amma ya san rubutuna.”

“Me kika ce a ciki?”

“Gaskiya na ce. Ki ba shi ya karanta miki.”

Ran Asabar da hantsi mai inji ya iso, ƙato mai tawul a wuya, ya ajiye injin a bakin lambu yana zuba masa mai. Babbar 'yar ta zo, ta tsakiya ta zo, Direba ya zo ba a gayyace shi ba. Suka tarar Mai Ɓaure ta shimfiɗa tabarma a gindin babbar macen, ta jingina bayanta da farin fentin, ƙafa a miƙe.

“Inna, ki koma ɗaki, ƙarar za ta dame ki,” in ji Ɗan Kwas.

Ta kwance bakin zane ta ciro takardar, ta miƙa wa Auta, Auta ta miƙa masa. Ya buɗe yana murmushi. Murmushin ya tsaya a inda yake. Ya karanta, ya koma sama ya sake karantawa, layi huɗu kacal. Sai ya ninke ta biyu, ya ninke huɗu, ya tura a aljihun riga ya danne da tafin hannu.

“Me aka ce?” in ji babbar.

“Ba komai, Yaya. Ba hatimi a jiki.”

“Ba hatimi muka tambaye ka ba,” in ji Direba. “Ko rubutun ma sai da kwas ake jin sa?”

“Kawu, takarda ce kawai, ba ta ofis ba ce.”

Mai inji ya goge wuya da tawul. “Jama'a, ni fa ina da wani aikin a gaba. In ja ko kada in ja? Don ni ba na tayar da inji tsohuwa na jingine da itace, uwa gare ni.”

Auta tana kallon aljihun mijinta. Yayyenta suna kallon Auta.

Sai Mai Ɓaure ta cire tabarau ta ajiye a tabarma. Shekara goma sha biyu yana auren 'yarta, ran nan ne ta fara duban tsakiyar idonsa. Muryarta ba ta tashi ba, a kwance ta fito, kamar mai faɗin farashin gishiri.

“Kai nake wa magana, mijin Auta. Ni ban yi makaranta ba, na yini a benci kafin a ba ni layi huɗun nan, kuma ban san abin da ke ciki ba har yanzu. Kai ka sani. Ba kaza nake nema a wurinka ba, ba haƙuri nake nema ba, kada ma ka durƙusa mini, na gaji da ƙarar takalmin nan. Ciro takardar. Ka karanta da ƙarfi yadda mai inji zai ji, yadda 'ya'yan marigayi za su ji. In ta ce tsufa ne, da hannuna zan naɗe tabarmar nan in ba ku wuri. In kuwa ba haka ta ce ba, to ka tsaya nan inda kake, a gaban matan nan shida, ka faɗa mana wa ya kashe musu miji, da izinin wa, kuma wa zai je ya ɗauko wani. In ka ce malamarka ce, mu ɗunguma mu je ta faɗa a gabanka. In ta ce ogan ne, mu jira shi a benci, na san wurin. Amma wani zai amsa. Ciro ta, ina jin ka.”